Ɗaki na Goma Sha Huɗu

A Yakima, watan da tuffa ke nuna,
ƙarfe huɗu na asuba muke hawa tsani,
ni da babana.
Sanyi ya ci yatsu, jaka ta ci kafaɗa.
Ƙarfe takwas saura kwata kuwa
Malam Okabe na zana x a allo,
ni ina kujerar baya
ina gyaɗa wa barci kai.

Sifili uku a jere.
Na huɗun ya zo da 'yar takarda ruwan ɗorawa:
Ezequiel Barragán, ɗaki na goma sha huɗu.

Na san ɗakin.
Can ake kai waɗanda suka yi dambe
da waɗanda gidansu ya tsage biyu.
Na shiga da haƙora a cije.

Malama Holmquist, mai ba ɗalibai shawara,
doguwa, furfura har gira,
tukunyar fure ɗaya a taga, shi ma ransa a hannun Allah.
Ba ta ambaci lissafi ba.
Hannuna ta kalla, ta ce,
"Tun ƙarfe nawa kake a tsaye?"

Tambayar ta tsaya mini a wuya kamar ƙashin kifi.

Ta jawo jadawali, ta gyara tabarau,
ta yi ta ture darussa, wannan nan, wancan can,
har lissafi ya sauka bayan abincin rana,
sa'ar da idona ke nawa.
Ta buga waya uku.
A ta ukun sai da ta miƙe tsaye.

"Ni ma sau biyu aljabara ta kayar da ni,
ba zan koya maka ba, kar in ɓata ka.
Talata da Alhamis, laburare,
akwai Noemí 'yar ajin ƙarshe.
Je ka. Zan leƙo."

Na ce mata kaina ba na lissafi ba ne.
Ta ce, "Wa ke duba takardar albashin babanka?"
Na ce ni.
"An taɓa cin guminsa?"
Na ce sau ɗaya, akwati biyar sun ɓace a rubutu,
na zauna na bi sawunsu har na kamo su.
Ta turo mini fensir: "Rubuta yadda ka yi."
Na rubuta.
Inda ban san adadi ba, na bar gurbi.
Ta ɗora yatsa a kan gurbin:
"Wannan ne Okabe ke ce wa x."

Na daɗe ina kallonsa.
Shekara biyu ina gudun dodo,
ashe shi nake farauta kowace Juma'a.

Ba a nan aka tashi kasuwa ba.
Disamba na ci hamsin da huɗu,
na yi fushi da laburare mako biyu.
Sai ga motarta a bakin gona,
takalminta ya nutse a laka,
tana yi wa babana Sifaniyanci mai ɗingishi.
Ya cire hula, yana danne dariya.
Da daddare bai ce komai ba,
sai ya kashe agogon da ke tashina.

Afrilu, itatuwa sun yi fari fat da fure,
saba'in da takwas.
Ban zo na ɗaya ba, ko na goma.
Na kai mata takardar da gudu.
Ta duba, ta ce, "To."
Ta buɗe aljihun tebur, ta ciro fom ɗin ajin gaba,
sunana a kai,
kwanan watan tun Oktoba.

Yau filaye nake aunawa.
Ɗakin ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru.
Bara na kai mata tuffa kwali guda a gidan tsofaffi.
Sunana ya ɓace mata.
Ta riƙe hannuna, ta juya shi, ta sake juyawa,
ta ce in samu wuri in zauna.